Man kifi a ledar ƙarin ruwa: Abin da aka tabbatar da abin da ake zuzutawa

Shekara biyu da suka wuce na yi mako biyar ina kwana a barandar wani asibiti, ina jinyar ɗan yayata. Yaro ne ɗan shekara 13, zazzaɓin taifot ya fasa masa hanji. An yi masa tiyata, bayan kwana shida ɗinkin ya buɗe, aka sake shiga da shi. Daga nan duk abin da ya sha sai ya riƙa tsiyayowa ta wata 'yar kafa a gefen ɗinkin. Likita ya ce kada a sake ba shi komai ta baki har sai hanjin ya huta.

Kwana goma yana kan ƙarin ruwa kawai. Muna kallo yana zubewa, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Da na tambayi likitan ko ruwan da ake ƙara masa bai isa ba, sai ya juyo min da ledar ya nuna min rubutun jikinta. Rabin lita ce, kuma sikarin da ke ciki giram 25 ne, kamar cokalin shayi shida ke nan. Ya ce da wannan ake so yaro ya haɗe rauni, ya kuma yaƙi ƙwayoyin cuta.

Abin da yake buƙata, in ji likitan, shi ne cikakken abinci ta jijiya. Babu shi a asibitin, babu shi a garin. Daga wani birni aka aiko mana da shi, kuma ranar da aka faɗa mana kuɗin leda ɗaya kowa ya sunkuyar da kai. Da ta iso sai muka ga farar leda ce kamar an cika ta da madara. Na karanta jikinta na ga mai iri huɗu: na waken suya, na kwakwa, na zaitun, da na kifi.

Washegari gwaggonmu ta shigo da robar kafso na man kifi da ta saya a kemis. Ta tari likita a bakin ƙofa ta ce, "Likita, tunda man kifi ne ga shi na samo mai araha, a tsiyaya masa a cikin ruwan mana." Ya dube ta ya ce, "Hajiya, don Allah mayar da shi jaka. Idan wannan ya shiga jijiyarsa huhunsa ne zai toshe."

Ban ga laifin gwaggo ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma tun daga ranar nake bibiyar wannan magana, kuma ina ganin yadda ake tallar man kifi a waya kamar shi ne maganin kowane kumburi. Ra'ayina a taƙaice shi ne: man kifi na jijiya ci gaba ne na gaskiya, amma ga majinyacin da hanjinsa ya kasa aiki. Ya ceci hantar jarirai da yawa, akwai alamun yana rage kamuwa da cututtuka a asibiti, sai dai har yau manyan gwaje-gwaje ba su nuna yana hana mutuwar manya masu matsananciyar jinya ba. A wajenmu kuma akwai tambayar da ta riga wannan zuwa: shin majinyacin da ba ya iya ci yana samun abinci ta jijiya ma tukuna?

Me ya kai mai cikin jijiya?

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin da ke fama da babbar cuta yana ƙona abinci fiye da na mai lafiya, kuma idan bai samu daga waje ba sai ya koma cin naman kansa. Tsoka ta narke, har da wadda ake numfashi da ita, rauni ya ƙi haɗewa, garkuwar jiki ta yi rauni.

Sikari kaɗai ba ya riƙe mutum. Giram ɗaya na sikari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai yana ba da 9. Haka kuma akwai nau'o'in mai da jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole sai daga abinci, kamar yadda wasu masana biyu a Amurka, George Burr da matarsa Mildred, suka gano a 1929.

Matsalar ita ce mai ba ya cuɗanya da jini. Sai an farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai, waɗanda matsakaicinsu bai wuce rabin maikiromita ba, alhali ƙwayar jan jini guda ta kai maikiromita 7 zuwa 8. Ana kuma lulluɓe kowane ɗigo da wani sinadari daga gwaiduwar ƙwai don kada su sake haɗewa. Shi ya sa ruwan yake fari kamar madara.

An sha wahala kafin a kai nan. Wanda aka fara sayarwa a Amurka da man angurya aka yi shi, ya riƙa sa zazzaɓi da lalata hanta har aka janye shi daga kasuwa a shekarun 1960. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya yi nasara da man waken suya, aka fara amfani da haɗinsa mai suna Intralipid a 1962. A 1968 kuma wani likitan tiyata a Amurka, Stanley Dudrick, ya nuna cewa 'yan kwikwiyo na iya girma da abincin jijiya kaɗai, sannan aka rayar da wata jaririya da aka haifa da toshasshen hanji ta wannan hanya.

Shekaru da dama man waken suya ne ya riƙe fagen, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai daga baya likitoci suka fara tambayar ko nau'in man da ake zubawa yana shafar yadda jiki ke kumbura.

Kumburi da masu shelarsa

A wajen likitoci kumburi ya wuce tashin ƙafa ko fuska. Shi ne yadda jiki ke tayar da mayaƙansa idan ƙwayar cuta ta shigo ko an ji rauni: wurin ya yi zafi, jini ya kwararo, fararen ƙwayoyin jini su taru. Ba don shi ba da ɗan ƙurji ma zai iya kashe mutum.

Masifar tana zuwa ne idan yaƙin ya bazu ko'ina ya ƙi tsayawa. Jijiyoyi su saki, bugun jini ya faɗi, ruwa ya cika huhu, ƙoda ta tsaya. Wannan ne likitoci ke kira sefsis, wasu kuma su ce gubar jini. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a 2017 kaɗai an samu masu wannan matsala kusan miliyan 49 a duniya, miliyan 11 suka mutu, kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace biyar da aka yi a shekarar. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari.

To ina ruwan mai da wannan? Bangon kowace ƙwayar halitta a jikinmu da mai aka gina shi, kuma irin man da mutum ya ci ko aka zuba masa shi ke shiga bangon. Idan an yi rauni, jiki yana ciro mai daga bangon ya ƙera sinadaran da ke aiki kamar masu shela, suna kiran mayaƙa su fito.

Fiye da rabin man waken suya nau'in da ake kira omega-6 ne. Jiki na buƙatarsa, amma masu shelar da ake ƙerawa daga gare shi suna da ƙarfin murya, suna ƙara zafi da kumburi da daskarewar jini. Man kifin teku kuwa yana ɗauke da omega-3 iri biyu, EPA da DHA, kuma masu shelar da ke fitowa daga EPA muryarsu ba ta kai ta waɗancan ba.

Hankalin masana ya fara karkata ga man kifi ne tun 1970, lokacin da wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka je tsibirin Girinlan suka auna jinin mutanen Inuwit da ke rayuwa kan kifi da dabbobin teku. Sun tarar jininsu cike da omega-3, kuma yana jinkirin daskarewa. A farkon shekarun 2000 kuma Charles Serhan na Jami'ar Harvard ya gano cewa jiki na ƙera wasu sinadarai daga EPA da DHA waɗanda aikinsu shi ne shelar a koma gida: a daina kiran sababbin mayaƙa, a kwashe gawarwaki, a fara gyara. Ya sa musu suna resolvin.

Akwai wani dalili kuma da ya sa aka yi sha'awar hanyar jijiya. Man kifin da aka sha ta baki yana ɗaukar makonni kafin ya taru a bangon ƙwayoyin halitta, wanda aka zuba a jijiya kuwa cikin 'yan kwanaki yake shiga. Mai matsananciyar jinya ba shi da makonni.

A takarda maganar ta yi daɗi. Sai dai tarihin likitanci cike yake da dabarun da suka yi daɗi a takarda suka faɗi a gadon majinyaci, don haka abin dubawa shi ne me gwaji ya nuna.

Inda ya yi aiki a fili: hantar jarirai

Jariran da aka haifa bakwaini, ko waɗanda aka yanke musu mafi yawan hanji, sukan yi watanni a kan abincin jijiya. Da yawansu hanta ce ke fara lalacewa. Ruwan matsarmama ya daina gudu, ido da fata su yi ɗorawa kamar mai shawara, daga nan sai dashen hanta ko mutuwa. Abincin da ke riƙe da ransu shi ke cin hantarsu, kuma ba dama a cire.

A asibitin yara na Bostan da ke Amurka, wata mai harhaɗa magunguna, Kathleen Gura, da wani likitan tiyatar yara, Mark Puder, sun yi zargin man waken suyan ne. Cikin abubuwan da ake zargi har da wasu sinadaran tsirrai da ke cikinsa, waɗanda idan an ci ta baki kaɗan ne hanji ke bari su wuce, amma ta jijiya duka suke isa hanta. Akwai wani haɗi na man kifi zalla mai suna Omegaven, na kamfanin Fresenius Kabi, da aka amince da shi a Jamus tun 1998. Bayan gwaji a kan ɓeraye, a 2004 suka cire wa wani jariri da hantarsa ke gab da tsayawa man waken suya, suka sa masa na kifi. Shawarar ta washe.

A 2009 suka buga sakamakon jarirai 42 da aka ba man kifi, suka kwatanta da 49 da aka yi jinya a baya da man waken suya. A rukunin man kifi uku suka mutu, aka yi wa ɗaya dashen hanta. A ɗaya rukunin 12 suka mutu, aka yi wa shida dashe. Binciken na da rauninsa, tunda rukunonin ba a lokaci ɗaya aka yi jinyarsu ba, kuma adadin man da aka ba su bai zo ɗaya ba. Amma wasu asibitocin sun ga irin wannan sakamako, kuma a watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Omegaven ga yaran da abincin jijiya ya taɓa musu hanta. Kafin nan sai an nemi izini na musamman ga kowane yaro.

Wannan shi ne wurin da hujjar ta fi ƙarfi. Mai karatu ya lura cewa magana ce ta jarirai, ta cuta ɗaya takamaimai, a hannun ƙwararru.

Manya a sashen gobe-da-nisa: sakamako ya rabu

Da aka koma kan manya sai labarin ya cakuɗe.

A 2006 aka buga wani bincike na majinyata 661 a asibitoci 82 na Jamus, inda aka ga waɗanda suka samu man kifi giram 0.1 zuwa 0.2 kan kowane kilo na nauyinsu a rana sun fi tsira, kuma ba su daɗe a asibiti ba. Sai dai babu rukunin da aka hana man don a kwatanta. A 2008 da wasu likitocin Jamus ɗin suka raba majinyata 166 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba su ga wani bambancin kirki ba.

A Amurka an gwada ta wata hanyar, wato zuba omega-3 da wasu sinadarai ta robar hanci zuwa ciki, ga masu ciwon huhun da ke kan na'urar numfashi. An tsayar da gwajin tun bai ƙare ba, bayan majinyata 272, saboda babu alamar amfani. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka ba man sun fi daɗewa a kan na'ura, sun fi yin gudawa, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu, ko da yake ratar ba ta kai a ce ba dace ba ne.

Sai kuma 2015, da likitocin Sifaniya suka fitar da gwajin majinyata 159 a sassan gobe-da-nisa 17, dukkansu masu buƙatar abincin jijiya. A rukunin da aka haɗa musu da man kifi, kashi 21 cikin 100 ne suka kamu da sabuwar cuta a asibiti. A ɗaya rukunin kashi 37 ne. Wannan rata ce babba. Amma yawan mace-macen bai bambanta ba.

A 2020 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 49 da suka ƙunshi majinyata 3,641. Sun ce haɗin da ke da man kifi ya rage kamuwa da cututtuka da kashi 40, ya rage zaman sashen gobe-da-nisa da kusan kwana biyu, haka ma zaman asibiti. Kan mutuwa kuwa, raguwar da aka gani ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe game da irin waɗannan alƙaluma. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma da yawansu a kan waɗanda aka yi wa tiyata ne, ba masu gubar jini ba. Sannan kamfanonin da ke sayar da man suna daga cikin masu ɗaukar nauyin bincike a wannan fanni. Hakan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, amma ya isa a ce a jira wasu su maimaita.

Ƙungiyoyin ƙwararru ma ba su yi magana da baki ɗaya ba. Ƙa'idojin kula da masu gubar jini na duniya na 2016 sun ce kada a ba su omega-3 da sunan ƙarfafa garkuwar jiki. Ƙungiyar masana ciyar da majinyata ta Turai, ESPEN, ta ce a 2019 ana iya sa man kifi a abincin jijiya ga wanda dama yake buƙatarsa. Takwararta ta Amurka, ASPEN, ta ce a 2022 a makon farko ana iya amfani da mai man kifi ko marar shi.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya fito shi ne: in dai dole sai an zuba wa majinyaci mai a jijiya, akwai dalili mai kyau na zaɓar haɗin da ke da man kifi a kan waken suya zalla. Babu dalilin a ɗauko man kifi a ɗura wa wanda hanjinsa ke aiki da sunan maganin kumburi.

Hanji ne kan gaba

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin a wajen mutanenmu ƙarin ruwa ya zama alamar an kula da majinyaci. Wani ma idan ba a rataya masa leda ba sai ya ga kamar ba a yi masa komai ba.

A wajen masana kuwa, muddin hanji na aiki shi ake bi. Ƙa'idar Turai ta ce a fara ciyar da mai matsananciyar jinya ta baki ko ta robar hanci cikin awa 48. Hanjin da aka bari babu abinci bangonsa na yin laushi, ƙwayoyin cutar da ke zaune a ciki su samu hanyar shiga jini.

Abincin jijiya na da nasa haɗarin. Robar da ake zura wa babbar jijiya ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma ruwan da ke cike da sikari da mai wurin hayayyafarsu ne idan tsafta ta yi ƙaranci. Sikarin jini na iya hawa, kitse ya taru a jini, gishirin jiki ya rikice. Wanda jikinsa ke ƙin kifi ko ƙwai ba a sa masa. A wani babban gwaji na majinyata 4,640 a Beljiyam da aka buga a 2011, waɗanda aka jinkirta musu abincin jijiya zuwa kwana na takwas sun fi saurin warkewa, kuma ba su kamu da cututtuka kamar waɗanda aka gaggauta wa ba.

Shi ya sa ba abu ne na kemis ko na ɗakin mai allura a unguwa ba. Yana buƙatar likita, nas, mai harhaɗa magunguna da ɗakin gwajin jini da ke aiki kullum.

Shi kuwa kafso da ake sayarwa a kanti, man da ke cikinsa ba a farfasa shi ba, ba a kuma tsarkake shi don jijiya ba. Ɗigonsa ya fi ƙananan jijiyoyin huhu girma, idan ya shiga jini toshe su zai yi, kuma mutum na iya mutuwa nan take. Ko ta baki ma, ba a ba mai jinya a asibiti sai da sanin likitansa, musamman wanda ke shan maganin tsinka jini ko ake shirin yi masa tiyata. Mai lafiya da ke son omega-3 ya ci kifin teku mai maiƙo irin su sardin da taitus.

Halin da muke ciki

Muhawarar da ake yi a Jamus da Amurka ita ce wane mai ya fi. Mu a nan yawanci ba mu kai wannan matakin ba.

Wani bincike da Lancet ta buga a 2025 ya duba majinyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. Ɗaya cikin takwas yana cikin matsanancin hali, kuma cikin waɗannan ɗaya cikin biyar ya mutu a mako guda. Kusan kashi 69 cikin 100 nasu a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke, ba a sashen kulawa ta musamman ba. Fiye da rabi ba su samu cikakkiyar kulawar farko da suke buƙata ba, irin su iskar oksijin, ƙarin ruwa da buɗe hanyar numfashi.

Ga wani misalin da ya shafi abincin jijiya kai tsaye. Akwai jariran da ake haifa hanjinsu a waje, ta wata kafa kusa da cibiya. Bayan an mayar da hanjin yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma a tsakanin nan abincin jijiya ne ke riƙe jaririn. Wani bincike na ƙasashe 74 da aka buga a 2021 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki biyu ne kawai cikin 139 suka mutu. A ƙasashe masu matsakaicin hali kusan ɗaya cikin uku ne. A ƙasashe matalauta tara cikin goman da aka bibiya sun mutu. Dalilan suna da yawa, amma rashin abincin jijiya na cikinsu.

Ƙara da masu fasasshen hanji saboda taifot, wanda likitocin tiyata a Arewacin Najeriya da Nijar suka saba gani, da waɗanda harsashi ko hatsarin mota ya yi wa ɓarna a ciki. Waɗannan su ne mutanen da maganar man kifi ta shafa da gaske.

Don haka idan za a jera abin da ya kamata a yi, ga yadda nake ganin tsarin.

Na farko, gwamnatoci su fara da abin da ke ceton mafi yawan rayuka a kuɗi kaɗan: oksijin da ba ya yankewa, maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ruwan wanke hannu, da ma'aikatan jinya isassu da za su gane majinyaci na taɓarɓarewa tun da wuri. Asibitin da ba shi da waɗannan ba shi da hurumin alfahari da farar leda.

Na biyu, kowane asibitin koyarwa da babban asibitin jiha da ke yin tiyatar hanji da ta jarirai ya kamata ya ajiye abincin jijiya a ma'ajiyarsa, ya kuma kafa 'yar tawagar da ta san yadda ake ba da shi. Idan asibitoci suka haɗa kai suka saya da yawa farashi zai sauka, kuma a lokacin ne zaɓin haɗin da ke da man kifi zai zama shawara mai ma'ana, musamman ga jarirai da waɗanda za su daɗe a kai.

Na uku, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da takwarorinta na jihohi su ɗauki abincin jijiya a matsayin magani na dole ga wanda hanjinsa ya tsaya. Iyalin da ake ce wa su kawo kuɗin leda kullum na tsawon makonni, gona da dabbobi suke sayarwa, kuma da yawa a tsakiya suke tsayawa.

Na huɗu, NAFDAC ta sa ido kan masu tallar kafso da ke jingina da binciken da aka yi a sassan gobe-da-nisa na Turai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce tsadar magani da firgicin masu jinya.

Na biyar, likitocinmu a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Jos da Yamai su ne ya kamata su gwada wannan a kan irin majinyatan da suke gani. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne a Turai da Amurka, a kan mutanen da yawancinsu manya ne kuma ba su shigo asibiti da yunwa ba. Yaron da taifot ya ci mako biyu kafin a kawo shi daban yake da su.

Ɗan yayata ya rayu. Leda shida muka iya saya, aka riƙa tsallake kwana don su kai, kafar ta rufe a mako na biyar, ya fara da kunu cokali-cokali. Ba zan ce man kifi ne ya tashe shi ba, domin kashi 15 ne kawai cikin 100 na man da ke ledar, kuma akwai tiyata, akwai magani, akwai nas ɗin da ke wanke raunin sau biyu a rana, sannan kwanansa bai ƙare ba. Abin da na tabbata shi ne an ciyar da shi a lokacin da ba ya iya ci.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani yaro mai irin ciwonsa. An rubuta wa iyayensa irin ledar da aka rubuta mana. Mahaifinsa ya tafi ƙauye neman kuɗi, kafin ya dawo an naɗe katifar. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.